Ankon Matan Banda

A Kasuwar Kifi ta Baga Road, idan ka ce Ya Aisa kake nema ba wanda zai tambaye ka wace Aisa. Za a nuna maka rumfar da ke daf da inda ake ɗaure kwalaye, ka tarar da wata doguwar mata mai tsagar Kanuri a kan benci tana jujjuya banda, kifin nan da ake busarwa da hayaƙi, tana faɗa da duk wanda ya lalube mata kaya bai saya ba. Faɗanta ba ya kwana. Za ta wanke ka tas da safe, da la'asar kuma ta aika maka da kan tarwaɗa ka kai wa iyali.

Daga Doron Baga ta zo, shekarar da rikici ya watsa garin. Mijinta Ba Madu bai iso Maiduguri ba, babban ɗanta ma haka, kuma ba ta son a tambaye ta yadda aka yi. 'Ya'yanta mata sun yi aure sun bar gari. Wanda ya rage mata a gida shi ne Abdulnasir.

Abdulnasir ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna. Ya ja Keke Napep na wani, ya sayar da katin waya, ya koyar a wata makarantar kuɗi da ba ta biyan albashi sai ta ga dama. Daga baya ya koma yin shiru, kuma uwa ta san abin da shirun ɗa irin wannan yake nufi. Wata rana tana shara ta ci karo da jaka a ƙarƙashin gadonsa, cike, an zuge ta. Da ta tambaye shi bai ɓoye ba. Abokansa suna Libiya, sun ce ya taho akwai aikin gini.

"Biyu sun tafi ban ga kabarinsu ba," ta ce. "Kai ma so kake ka ƙara min?"

"Ya, zaman nan ne ke kashe ni." Haka yake kiranta, Ya, irin yadda 'ya'yan Kanuri ke kiran uwa.

Tun daga ranar ba ta ƙara samun natsuwa ba. Ko wanka ya shiga ya daɗe, sai ta leƙa ɗakinsa ta ga ko jakar tana nan.

Ana cikin haka sai ga Madam Muhsinat daga Abuja. Aikin ofishinta shi ne wanke sunan kamfanoni idan ya fara tsami. Kamfanin da ya turo ta kuwa shi ke haɗa wani maganin feshi da ake kira Garkuwa, wanda rabin kasuwar ke fesa wa banda don kada ƙwari su cinye ta a hanya. An fara ƙorafi a kan maganin, har wani kwamiti na majalisar jiha ya sa ranar zama don a ji ko za a hana shi. To, kamfani ba zai je ya tsaya yana yabon kansa ba, wa zai saurare shi? Abin da ake so shi ne a ga talakawa sun cika zaure suna roƙon kada a taɓa musu abincinsu. Talakawan ma mata, matan ma iyaye. Matsala ɗaya ce kawai: babu wata ƙungiyar mata a kasuwar da za ta yi hakan. Saboda haka za a ƙirƙiro ta.

Wani abokin karatunsa ne ya haɗa Abdulnasir da Madam. Da ta ji ɗan Ya Aisa ne, ta kuma ji matsayin uwar a kasuwar, ta ɗauke shi aikin gwaji nan take, ta kuma faɗa masa sharaɗi ba tare da kwana-kwana ba. Ya tara mata, a kai su zauren kwamiti ranar zama, shugabarsu ta tashi ta faɗi abin da aka rubuta mata. In hakan ta yiwu, aikin dindindin ne, kuma a nan Maiduguri za a buɗe masa ofis.

A nan Maiduguri. Ya Aisa ba ta ji sauran bayanin ba sosai. Washegari ta ga jakar nan a rataye a ƙusa, wayam, ta shiga ɗakinta ta yi sujada.

Kada a yi mata mummunan zato. Ita ma tana fesa Garkuwa jefi-jefi, kamar kowa, kuma ta san abin da ƙwari ke yi wa banda: ka rufe kwali da kifi, ka buɗe ka tarar da gari da ƙaya. Da gaske take ganin in aka hana maganin za su ji a jikinsu. Don haka da ɗanta ya ce ita ce za ta zama shugaba, ba ta ga ƙarya a ciki ba. Ta zaga rumfuna ta yi magana, kuma matar da Ya Aisa ta yi wa magana ba ta cika cewa a'a ba.

Madam ta raɗa wa abin suna, Ƙungiyar Iyaye Mata Masu Sana'ar Banda. Ta aiko da anko kore shar, laffaya ga masu sa laffaya, atamfa ga masu ɗaura zani. Sannan ta ja Abdulnasir gefe ta ce lallai a samo mata Kirista, a sa ta a sahun gaba, don hoto ya nuna kowa da kowa na ciki.

Ba a sha wahalar nema ba. Akwai Nkem, wadda kasuwa ke kira Maman Chiazom, 'yar Anacha da ta fi shekara ashirin a Maiduguri, ba ta gudu ba ko lokacin da gari ya yi zafi. Ita ke sayen banda a hannun Ya Aisa da ire-irenta, ta tara a sito, ta fesa magani, ta ɗaure a kwalaye ta loda wa motocin kudu. Lokacin da Ya Aisa ta iso garin ba ta da ko tabarma, Nkem ce ta fara cewa ta kawo kaya za ta saya. Gajeruwa ce mai murya, Hausarta a karye amma ba ta taɓa hana ta faɗin abin da ke ranta ba.

A nan ne Madam ta yi kuskuren da ba ta ma san ta yi ba. Ita a wurinta anko yadi ne, a sa a yi hoto a cire. Matan Baga Road kuwa ba su san anko ba ƙungiya ba, ba su kuma san ƙungiya ba doka ba. Ranar da aka raba yadin suka taru a bayan rumfar Ya Aisa, Nkem ta hau kan kwali. Ta daɗe a ƙungiyar matan cocinsu, ta san yadda ake yi.

"Ƙungiya ba wasa," ta ce. "Wanda ta haihu, mu je. Wanda ba lafiya, mu je. Wanda ta mutu, mu sa anko mu je gidan, kuma uwar ƙungiya ba ta tashi sai dangi ya zo. Kun yarda?"

Aka yarda. Sauda, mai rumfa kusa da ta Ya Aisa, ta ƙara da cewa duk wadda ta makara taro sai ta sayi kunun aya ta raba. Aka yarda da wannan ma, har da shewa. Aka naɗa Nkem sakatariya.

Da Abdulnasir ya ji, dariya ta kusa kayar da shi.

"Ya, ƙungiyar hoto ce fa. Bayan zaman kwamiti shi ke nan."

"Kai ka san hoto," ta ce masa. "Mu dai mun ɗinka, mun sa."

Madam kuwa daɗi ta ji. Ta ce hakan ya fi kama da gaske.

Kafin wata ya zagayo sun je suna a Gamboru, sun je dubiya gidan wata da icen banda ya ƙona wa hannu, Sauda da kanta ta sayi kunun aya har sau biyu. Shi kuma Abdulnasir ya duƙufa. Ya kai 'yan jarida kasuwa, ya tsara wa mata abin da za su ce. Idan gidan rediyo ya buɗe layi a kan maganar Garkuwa, sai ya zagaya bayan gida da wayoyi a hannu. Ya Aisa tana tsakar gida da rediyonta za ta ji wani tsoho daga Gamboru ya bugo yana roƙon gwamnati ta ji tausayin talaka, murya na rawa. Ta katanga kuma tana jin tsohon nan da kunnenta, ɗanta ne ya toshe hanci. An jima kaɗan ya zama direba daga Bama. Abin ya ba ta dariya da farko. Daga baya ya daina ba ta, amma ta ja bakinta ta tsuke, domin yaron yana cin abinci yanzu, har ya fara tsokanarta kamar da.

Kullum bayan sallar asuba sai ya zaunar da ita su yi bitar jawabinta. Ba shi da tsawo. Za ta tashi ta ce sun shekara da shekaru suna amfani da Garkuwa, bai taɓa cutar da ko mace ɗaya a cikinsu ba, kuma in aka hana shi 'ya'yansu za su kwana da yunwa. Ta haddace tsaf, har da inda aka ce ta ɗan dakata ta share ido.

Nkem ta daɗe tana tari, kowa ya sani, an ɗauka hayaƙin banda ne. Sitonta ba taga, kuma ita ke feshi da hannunta, ɗankwali a hanci, don a cewarta leburori ɓarna suke yi. Wata ranar Talata aka tarar da ita a faɗe tsakanin kwalaye, numfashi na fita da ƙyar.

Ƙungiya ta sa anko ta tafi asibiti. Sun cika ɗakin har ma'aikaciyar jinya ta ce su riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Nkem tana kwance da robar iska a hanci, ta rame kamar ba ita ba, amma da ta gan su sai ta ɗaga yatsa tana duba fuskoki, wai ta ga ko akwai wadda ba ta zo ba. Mijinta Damian, mai shagon kayan gyaran mota a Gamboru, ya biyo Ya Aisa baranda.

"Hajiya, likita ya tambaye ni me take shaƙa a wurin aiki. Na kawo masa gwangwanin. Bai ce lallai shi ne ba. Amma ya ce in ta tashi, kada ta ƙara kusantar abin nan har abada."

Ya Aisa ta yi masa sallama. Ta koma gida ba ta biya kasuwa ba, ta zauna a tsakar gida da laffayar a jikinta har Abdulnasir ya dawo da la'asar.

"Zauna," ta ce. "Maganin nan yana kisa?"

Ya sosa ƙeya, ya fara kawo mata irin maganar da yake yi wa 'yan jarida, wai ba a tabbatar ba, wai ana bincike.

"Ba rediyo kake ba. Ni na haife ka."

Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce a ofishin Madam kowa ya sani. A ƙasar da ake yin sinadarin an hana a kusantar da shi ga abinci, an hana a fesa shi a rufaffen ɗaki. A nan ne ake zuba shi a sabon gwangwani a zana masa kifi a jiki.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun farkon fara aikin."

Ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa yi da shi ba, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Shi ma ya gani.

"Ya, magana ce 'yar kaɗan. In ba ke kika faɗa ba wata za su samo ta faɗa, ba abin da zai canja. Ni kuma in wannan ya kuɓuce min ba ni da fuskar da zan ƙara zama a garin nan. Na gaji da a riƙa nuna ni ana cewa ga ɗan Ya Aisa mai digiri."

Za a so a ce ta tashi ta zage shi ta yaga laffayar. Ba ta yi ba. Sai da aka kira magariba sannan ta ce za ta faɗa. Ta san ƙarya ce yanzu, ta kuma san a gaban jama'a za ta yi ta, da sunan matar da ke kwance a asibiti. Ta auna, ɗanta ya fi nauyi. Washegari da asuba suka yi bita kamar kullum, sai dai ba wanda ya kalli ɗan uwansa.

Nkem ta rasu ana gobe zaman kwamiti, da yamma.

Ba wanda ya aika wa kowa. Gari na wayewa mata suka fara isa gidan Damian a Jiddari Polo, ɗaya bayan ɗaya, kowace cikin koren anko. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maza na waje a kan benci ƙarƙashin dalbejiya. Matan coci sun zo suna waƙa a hankali a gefe guda, matan banda suka zauna a ɗaya gefen, masu carbi na ja. Gawa tana asibiti. Dangin Nkem sun taso daga Anacha, amma hanya ce mai nisa, ba za su iso ba sai washegari.

Ya Aisa ta zo da shirinta. Za ta yi gaisuwa, ta ɗan zauna, idan motar da Madam ta yi haya ta iso ta kwashi mata su je su yi abin da za su yi, su dawo kafin azahar. Ta ma gaya wa kanta Nkem za ta gane, ai ita ma uwa ce.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne Chiazom. 'Yar Nkem ce tilo, ɗaliba a kwalejin koyon jinya, a Maiduguri aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta gada. Tun jiya ba ta yi kuka ba, ba ta ci ba, ba ta yi magana ba, tana zaune a ƙofar ɗakin uwarta tana kallon bango. Matan coci sun yi sun gaji. Da Ya Aisa ta shigo ta zauna kusa da ita ta ce, "Sannu, 'yata," sai yarinyar ta juyo ta kifa kai a cinyarta, kukan ya ɓalle. Ta yi shi har muryarta ta dushe. Ya Aisa na shafa mata baya, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Kanuri, yaren da yarinyar ba ta ji sosai, amma ya yi aiki.

Hantsi ya ɗaga aka ji ƙarar babbar mota a ƙofar gida. Abdulnasir ya je kasuwa bai tarar da kowa ba, ya san inda zai same su. Ya yi wa Damian ta'aziyya a waje, ya yi sallama ya shigo cikin mata yana sunkuyawa, sanye da sabuwar shadda da ya ɗinka don ranar. Ya durƙusa kusa da uwarsa.

"Ya, lokaci ya yi. Yanzu za mu dawo."

Ta gyaɗa kai. Ta sa hannu a hankali za ta zame kan Chiazom daga cinyarta, ta fara yunƙurawa. Yarinyar ta riƙe gefen laffayar.

"Mama, ina za ki?"

Tambayar ke nan, ba ta ƙara komai ba. Ya Aisa ta dubi yarinyar. Me za ta ce? Za ni in gaya wa manya cewa maganin nan bai taɓa cutar da ko mace ɗaya a cikinmu ba, ki jira ni? Ta dubi laffayar, ta ga inda hawayen yarinyar ya jiƙa ta tun daga cinya har gwiwa, koren ya yi duhu. Da wannan za ta tsaya a zaure, har ta dakata ta share ido a inda aka koya mata.

Ta koma ta zauna.

"Ba inda za ni," ta ce wa Chiazom. "Kwanta."

Abdulnasir ya matso, murya ƙasa. "Ya, don Allah."

"Dangi ba su iso ba. Uwar ƙungiya ba ta tashi sai dangi sun zo."

"Wace ƙungiya? Ni na ƙirƙire ta. Madam ce ta zaɓi sunan a cikin mota. Babu ita, Ya, ke ma kin sani."

"Kai ka ƙirƙira. Mu muka shiga."

"Kin san abin da wannan ke nufi a wurina."

Ta sani, fiye da yadda shi ya sani. Ba ta iya kallonsa ba, sai ta ɗaga murya ga matan.

"Ga mota a waje. Duk mai son zuwa ta je, ba laifi, ba tara. Sauda, kin iya jawabin, kin sha jin ina bitarsa a rumfa."

Har ga Allah so take su tashi. Da Sauda ta tashi, da ta gode mata har ƙarshen rayuwarta. Sauda ta gyara zama, ta ci gaba da jan carbi.

"Uwa tana zaune," ta ce, "mu je ina?"

Ba wadda ta motsa. Wayar Abdulnasir ta fara ƙara a aljihunsa, ta katse, ta sake farawa. Ya daɗe a durƙushe. Ya dubi Chiazom, wadda suka yi wasa tare a bayan rumfuna tana ƙarama, ya ce mata Allah ya ba da haƙuri, ya tashi ya fita. An jima aka ji motar ta tashi babu kowa a ciki. Da Ya Aisa ta leƙa ta ƙofa daga baya, sai ta hango shi a kan benci cikin maza, shaddar ta yamutse, yana taya Damian karɓar gaisuwa.

Abin takaicin shi ne yaron ya yi gaskiya. Madam ba ta rasa mata ba. Kafin a buɗe zaman ta sa an kwaso wasu daga wata unguwa, waɗanda ba su taɓa sayar da ko kan kifi ba, suka cika kujeru, ɗaya ta karanta jawabin tana in-ina. Kwamiti ya saurari kowa, ya ɗage magana zuwa wani lokaci. Garkuwa na nan a kasuwa, sai dai matan koren anko sun daina taɓa shi, suna ta yaƙi da ƙwari ta hanyar gishiri da shanya. Abdulnasir kuwa ko kiransa Madam ba ta yi ba, ta waya ta turo cewa an gode.

Dangin Nkem sun iso, aka ɗauki gawa aka yi kudu da ita. Ya Aisa ta koma gida ta tarar da shirun nan ya dawo. Bai yi mata fushi ba, bai ɗaga mata murya ba. Yana gaishe ta da safe, yana ɗebo mata ruwa, yana gyara abubuwan da suka daɗe a lalace, ƙyauren bayi, kwanon da ke yoyo, wayar wutar tsakar gida. Wannan gyare-gyaren ne ya fi tayar mata da hankali, don ta san mai shirin zama ba ya irin wannan sauri.

Bayan 'yan makonni ya ce mata ya sami aiki a Legas, wajen wani abokinsa a tashar jirgin ruwa. Bai faɗi sunan abokin ba.

Ta raka shi tasha da safe. Ta ɗaure masa banda mai kyau a leda, wadda ta shanya da hannunta. Motar Kano ce, ana jiran mutum biyu ta cika, suka tsaya a gefe kamar baƙin juna.

"Ka yafe min," ta ce.

"Ba ki yi min komai ba, Ya."

"Na yi."

Ya murza ledar a hannunsa.

"Ranar nan a gidan Damian da na fita waje, addu'a nake ki biyo ni," ya ce. "Kuma addu'a nake kada ki biyo ni. Da kin shiga motar nan, ban san da wane ido zan ƙara kallonki ba, ni na sa ki. Amma da na zauna a garin nan."

Kwandasta ya buga jikin mota. Abdulnasir ya durƙusa, ta ɗora hannu a kansa ta sa masa albarka, ta daɗe ba ta ɗauke ba har direba ya yi hon. Ya shiga ya zauna kusa da taga.

Ta san daga Kano hanya biyu ce, ɗaya ta yi kudu, ɗaya ta yi arewa ta shiga hamada. Tambayar tana bakinta. In ta yi, zai gaya mata gaskiya, bai taɓa iya yi mata ƙarya ido cikin ido ba. Ta matso jikin tagar ta riƙe ƙarfen.

"Legas ɗin nan," ta ce, "an ce akwai ruwan sama sosai. Ka sayi lema."

"Zan saya, Ya."

Motar ta fara tafiya. Ta bi ta 'yan taku kaɗan hannunta na kan ƙarfen, sannan ta saki.